Mutumin da Ke Gefen Hoto

Sau biyu a shekara Ardith Kolbe da LaVonne, 'yar ƙanwar babanta, suke kama hayar tsohon sansanin coci da ke bakin tafki su tara mata na kwana uku. Sau ɗaya in ƙanƙara ta narke, sau ɗaya kuma in an gama girbin masara. LaVonne ce ke koyar da ɗinkin bargon ƙyallaye da safe. Bayan abincin rana sai Ardith ta karɓi matan ta koya musu haɗa kundin hotunan gida: yadda za a zaɓi hoto, a yi masa shimfiɗa da takarda mai launi, a liƙa, a rubuta suna da shekara a ƙasa. Shekara takwas suna wannan harka, har ya zama a arewacin jihar Iowa ta Amurka da wuya ka sami mace mai keken ɗinki da ba ta san sunansu ba.

Taron kakar bana mata ashirin da shida ne suka zo. Tun hantsin Juma'a motoci suka cika filin ciyawa, ana ta sauke kekunan ɗinki da jakunkunan yadi da kwalayen takalma shaƙe da hotuna. Yawancinsu tsofaffin zuwa ne, kowace ta san teburinta da abokiyar gulmarta. Sabbi biyar ne kawai, cikinsu har da wata dattijuwa siririya mai suna Marlys Tjaden. Ita ko keke ba ta kawo ba. Ta zauna can ƙarshen tebur ta ɗora hannu biyu a kan kwalinta kamar mai jiran layin asibiti.

Ardith tana da wata dabara da take buɗe darasin farko da ita. Ta daɗe da lura cewa sabbin zuwa suna tsoron sa wa hoto almakashi, sai su wuni suna jujjuya shi ba su yi komai ba. Don haka takan zaga tsakanin tebura ta zaro hoto ɗaya daga kwalin wata sabuwa, ta ɗaga kowa ya gani, ta nuna bango da sama da gindin mota da suka cinye rabin hoton, sannan ta yanke su a gaban jama'a. Tana da barkwancin da take haɗawa da shi, tsofaffin ɗalibai ma sun haddace, har sukan riga ta faɗa.

Ran nan hannunta ya faɗa kwalin Marlys. Hoton da ta zaro tsoho ne, launinsa ya fara komawa ruwan ƙasa. Yara biyu ne a kan wani guntun doki a gaban rumbu, suna dariya. Can gefen dama kuma ga wani mutum ya shigo cikin hoton da rabin jiki, sanye da kayan gona, ya ɗan juya baya, yana ɗauke da bokiti.

"To ku duba nan," in ji Ardith. "Yara kamar ka sace don kyau. Wannan bawan Allah kuma me ya kawo shi? Ko sallama bai yi mana ba."

Aka kwashe da dariya. Wata daga baya ta ce ai hoto kamar kaza ne, sauran suka ƙarasa mata da baki ɗaya cewa sai an fige ake cin moriyarsa. Ardith ta buɗe almakashi. A daidai lokacin idonta ya kai kan Marlys, ta ga matar ta ɗan taso daga kujera, ta buɗe baki kamar za ta yi magana. Amma dariya tana kan ganiya, almakashi ya riga ya kama bakin takarda, hannun kuma ya saba. Yanka uku ta yi, hoton ya fito zagaye tsaf, yara da doki a tsakiya. Ta jefa ragowar a kwandon shara da ke gefen tebur, ta miƙa wa Marlys hoton, aka tafa. Marlys ta karɓa ta ce ta gode.

Darasi ya tafi yadda ake so. Almakasai suka yi ta ƙara har yamma.

Ƙarfe biyar da rabi aka zauna cin abinci: naman alade da dankali da aka gasa da cuku, da koren wake. Ardith ta zauna kusa da LaVonne, Marlys tana fuskantarsu. LaVonne ba ta iya ganin mutum shiru ta ƙyale shi, sai ta shiga tambayar baƙuwar daga ina take, wa ya ba ta labarin taron. Marlys ta ce 'yarta Renae ce ta rubuta sunanta ba da saninta ba. Mijinta Harlan ya rasu a watan Afrilu, shi ne Renae take so a haɗa kundi a kansa saboda jikoki, don ƙananan ba za su tuna shi ba. Ta ce matsalar ita ce Harlan shi ne mai riƙe kyamara a gidan. Shekara arba'in da huɗu yana ɗaukar kowa, yara da karnuka da 'yan maruƙa, shi ba ya ciki. Sai hoton aurensu, wanda ya tsaya a ciki kamar ya haɗiyi taɓarya, ko ita da ta aure shi ba ta san wannan mutumin ba.

"Ko guda ɗaya babu?" in ji LaVonne. "Shekara arba'in da huɗu?"

Marlys ta dubi farantinta. "Da akwai ɗaya da ya shigo ciki bai sani ba," ta ce. Sai ta ɗauki kwanon wake ta miƙa wa ta kusa da ita, ta tambaye ta ko za ta ƙara.

Nan take Ardith ta tuno mutumin nan mai bokiti da ta yanke. Ta ajiye cokali ta ce za ta duba ko an kashe dutsen guga, ta fita.

Kwandon da ke zauren fayau yake, an sa masa sabuwar leda. Ta zaga bayan kicin da sauri. Tsoho Eldon mai kula da sansanin yana tsaye gaban durom ɗin da yake ƙona shara, yana tona toka da sanda. Ya ce tun ƙarfe biyar ya kwashe ta zauren, takarda ce zalla, ba ta ɗauki minti goma ba ta cinye. Ya tambaye ta ko zobe ne ya faɗa ciki, don in ƙarfe ne za a same shi da safe. Ta ce a'a, ba ƙarfe ba ne. Ta karɓi sandar ta tona da kanta, ba ta ga komai ba sai baƙar toka da murfin gwangwani. Eldon ya tsaya yana kallonta har ta mayar masa da sandar.

Da ta koma ana rabon kek. Marlys tana taya masu kicin kwashe faranti. Ardith ta bi ta ɗaya ƙofar.

Washegari da sassafe LaVonne ta ritsa ta a kicin tana dafa kofi. Ita ma ta gane tun a tebur.

"Uwar almakasai, kin yi mata magana?"

Ardith ta ce ba ta samu sarari ba. LaVonne ta ce sarari kam ga shi nan har ya yi yawa, matar tana ɗaki na huɗu, taku goma daga nan. Ardith ta ce to me za ta ce mata, an riga an ƙone, magana ba za ta dawo da shi ba, ƙila ma ta fama mata ciwo ne a banza. Ta ƙara da cewa ai da matar ta ce kar a yanka da ba ta yanka ba, baki gare ta.

LaVonne ta ɗaura ƙyallen aikinta a ƙugu tana kallonta. Ta ce ita shekara talatin tana yanka yadin mutane, har rigunan matattu an sha kawo mata a yi bargo da su, amma ba ta taɓa sa almakashi a kan ƙyallen wani ba sai ta tambaya sau biyu. "Ke kuwa kin mayar da abin wasan kwaikwayo. Na sha gaya miki. Kika ce ni ce ban san raha ba."

Gaskiya ne kuwa, LaVonne ta sha gaya mata.

Wunin Asabar ya yi mata tsawo. Da safe ta fake da shirya takardu a ƙaramin ɗaki, tana jin ƙarar kekuna da muryar LaVonne tana yi wa wata tsiya cewa kusurwoyin bargonta sun yi hannun riga da juna kamar surukai. Da rana ta tsaya gaban aji ta koyar da yadda ake yi wa shafi ado, amma sau biyu tana mance abin da take faɗa, har wata tsohuwar ɗaliba ta tambaye ta ko ba ta jin daɗi ne. Ta zaga kowane tebur ban da na ƙarshe. Duk da haka idonta yana can. Ta ga Marlys ta zaɓi takarda ruwan toka, ta shafa gam a bayan hoton nan zagayayye, ta liƙa shi a tsakiyar shafi kamar yadda aka koya, ta danne da tafin hannu. Ta ɗauki alƙalami ta rubuta sunayen yaran da na dokin a ƙasa. Sannan ta zauna tana kallon shafin, ba ta sake taɓa kwalin ba har aka tashi.

Da a ce matar ta yi fushi, ta ɗaga murya, ta nemi a mayar mata da kuɗinta, da Ardith ta san abin yi. Amma mutanen wajen nan ba haka suke ba, ita ma ta sani, don cikinsu ta tashi. Mace za ta ci abinci mai ɗanyen gishiri ta yaba wa mai girki. Uwar Ardith ta taɓa yin shekara shida tana sa takalmin da ya matse ta don kar ta ɓata ran wanda ya saya mata. Irin waɗannan ba sa cewa kar a yi. Iyakarsu su ɗan taso daga kujera. Abin da Ardith ta kasa haɗiyewa ke nan: ta san wannan alama sarai, ta gan ta, ta gane ta, kuma ta yanka.

Ran Lahadi bayan addu'ar safe aka shimfiɗa barguna a kan igiya, aka jera kundaye a tebur, kowa ya zaga ya yaba. Daga nan aka fara loda motoci. Ardith ta hango Marlys ita kaɗai tana saka kwalinta a kujerar baya. Ta san in motar nan ta fita daga filin, shi ke nan. Ta taka ta je wurinta.

Ta ce mata ta gane ko wane ne a hoton. Ta ce ta je neman guntun amma an riga an ƙone. Ta ce ba ta da abin da za ta faɗa sai haƙuri, kuma tun daren Juma'a ya kamata ta zo, tsoro ne ya hana ta.

Marlys ta ce ba komai, ai ba ta sani ba, hoton ma dama ba wani fitowa ya yi ba. Ta rufe ƙofar baya ta zaga ta buɗe ta gaba. Sai ta tsaya da hannu a kan ƙofar, ba ta shiga ba.

"Ni na ɗauke shi," ta ce. "Ya ajiye kyamarar a kan shinge ya tafi ba 'yan maruƙa madara. Ban ma iya riƙe ta ba. Haka yake tafiya in ya ɗauki bokiti, kafaɗa ɗaya a sama. Ba fuskar nake kallo ba, kafaɗar ce." Ta juyo ta dubi Ardith ido cikin ido, karo na farko a kwana ukun. "Kin gan ni, Ardith. Na ga kin gan ni."

"Na gan ki," in ji Ardith.

Marlys ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba amsar da take jira. Ta shiga mota, ta ce a gaida LaVonne, abinci ya yi daɗi, ta ja ta tafi.

Ardith ta koma gida ta sauke kaya a gareji, ta yi mako biyu ba ta buɗe su ba. Mijinta ya ce ta cika sa abu a rai, kuskure ne, wa ya fi ƙarfin kuskure. Ta ce masa ba kuskure ba ne, ya kasa gane abin da take nufi, ita ma ba ta yi ƙoƙarin fahimtar da shi ba. Tana wanke-wanke sai ta tsinci kanta tana tuno hotunan da ta yanka a gaban aji cikin shekara takwas. Wata tsohuwa zaune a bakin ƙofa can bayan amarya. Wani gida mai jan rufi. Hannun wani a kan kafaɗar yarinya, ta yanke hannun daga wuyansa ta ce ya ɓata tsari. Ba ta taɓa tambayar ko na wane ne ba. Kullum an tafa mata, masu hotunan kuma sun ce sun gode.

A mako na uku ta nemo lambar Renae a takardar rajista ta buga mata. Tana fatan ko fim ɗin da aka wanke hoton daga shi yana nan a wata durowa. Renae ta riga ta ji labari, muryarta ba yabo ba fallasa. Ta ce duk fina-finan an zubar lokacin da iyayenta suka bar gona suka dawo cikin gari. Ta ce ita ce ta matsa wa uwarta ta je taron don ta fita cikin mutane, yanzu ga abin da ta jawo mata. Ardith ta tambaya ko akwai wani dangi ko maƙwabci da zai iya samun hoton marigayin. Renae ta ce duk ta bi tun kafin jana'iza, babu. Har za ta ajiye waya sai ta ce ta dai tuna tana yarinya an taɓa buga babanta a jaridar garinsu, shekarar da maƙwabta suka taru suka girbe wa wani mara lafiya masararsa. Ba ta san shekarar ba, ita dai tana firamare.

Ardith ta riƙe wannan magana kamar wanda ruwa ya ci ya samu reshe. Ranar Talata ta tuƙa mota awa biyu zuwa garin, wani ɗan ƙaramin gari kusa da iyakar Minnesota, mai titi ɗaya da rumbun hatsi dogo a ƙarshensa. A ɗakin karatu na garin aka sauka da ita ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda aka jibge tsofaffin jaridu ɗaure shekara-shekara. Ta cire kot ta fara daga watan Oktoba na kowace shekara. Ta wuce labaran aure da na rasuwa da farashin alade da sakamakon ƙwallon makaranta. Yatsunta suka yi baƙi, bayanta ya ƙage. Wajen ƙarfe uku, a ɗauri na shida, ta same shi: maza goma sha ɗaya a jere gaban injinan girbi, an rubuta sunayensu a ƙasa. Na uku daga hagu, H. Tjaden. Dogo ne, hular gona ta rufe masa goshi, ya zuba hannu a aljihu. Ma'aikaciyar ta buga mata kwafi biyu a takarda mai kauri. Ardith ta sa a ambulan.

Gidan Marlys fari ne ƙarami a bayan coci. Ta same ta a waje sanye da babbar rigar sanyi ta maza, ta jingina tsani da bango, ga tagogin hunturu guda shida, irin waɗanda ake ƙara ɗorawa a kan na gida don tare sanyi, a jere a kan ciyawa. Marlys ba ta nuna mamaki ba. Ta goge hannu ta ce ta shigo, waje da sanyi.

A teburin kicin Ardith ta zaro takardar ta tura mata, tana bayanin yadda ta samo, maganar tana fita da sauri fiye da yadda ta so. Marlys ta ɗauko tabarau ta sa. Ta daɗe tana kallo. Ta bi fuskokin da yatsa tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, wannan ya rasu, wannan yana gidan tsofaffi, wannan ya koma Arizona wajen ɗansa. Da ta zo kan na uku sai ta tsaya.

"Wannan Merle ne," ta ce. "Ƙanensa."

Ardith ta nuna mata rubutun da ke ƙasa. Marlys ta ce ai jaridar ce ta yi kuskure, an yi ta dariyar abin a lokacin, Merle ya yi wata guda yana cewa a kira shi Harlan ya ga ko za a fara ba shi bashi a kanti. Harlan yana wurin ran nan, shi ya ma tara mutanen. Amma da mai jarida ya ce a jeru, sai ya ce shi bai zo masara don a ɗauke shi hoto ba, ya ci gaba da aiki. Ta sa yatsa a kan wani injin girbi can nesa a bayan mazan, ɗan ƙarami kamar ƙwaro, ƙura ta biyo shi. Ta ce in dai ba ta manta ba, yana cikin wancan.

Ardith ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta fara ba da haƙuri, ta kai hannu za ta janye takardar. Marlys ta dafe ta.

"Bar shi. Matar Merle za ta so ɗaya." Sai wata 'yar dariya ta kuɓuce mata, ta rufe baki da hannu. "Awa biyu kika tuƙo ki kawo mini Merle. Da yana raye da ya ce dama ya fi Harlan kyau."

Ta tashi ta ɗora kofi, ta yanko burodin ayaba. Ardith ta yi niyyar ta sha ta tafi, amma Marlys ta zauna ta fara magana, ba tare da an tambaye ta ba. Ta ba da labarin yadda Harlan ya sayi kyamarar da kuɗin saniyar farko da ya sayar, uwarsa ta yi sati ba ta yi masa magana ba. Yadda yake yi wa shanu waƙar coci in zai tatse su, da murya kamar ta ƙofar rumbu. Yadda suka yi shekara guda suna gaba da Merle a kan iyakar gona, ranar da suka shirya kuma ba wanda ya ce komai, Merle ne kawai ya zo ya ari sarƙar ƙarfe ta aikin gona. Ta faɗi rashin lafiyarsa ma, wata huɗu, da yadda ya rame har agogonsa yake zamewa zuwa gwiwar hannu. Ba ta yi kuka ba. Ardith tana ta saurare. Sau biyu wata shawara ta zo mata baki, yadda za a rubuta waɗannan labarai a shafi, irin takardar da za ta dace, ta haɗiye.

Ta jira ko Marlys za ta ce ta yafe. Ba ta ce ba. Da Ardith ta ga rana ta yi ƙasa ta miƙe, sai ta yi ƙarfin hali ta ce in tana son dawowa taron bazara, wurinta yana nan. Marlys ta ce a'a, ita ba mai wannan aikin ba ce, Renae ta karɓi kwalin za ta yi abin da ta ga dama da shi. Ta faɗi haka ba da zafi ba, tana ɗauraye kofuna.

A bakin ƙofa Marlys ta dubi sama, ta dubi tagogin da ke kan ciyawa. Ta ce rediyo ya ce ƙanƙara za ta sauko ranar Alhamis, Renae kuma ba za ta samu zuwa ba sai Asabar. Harlan ne yake ɗora su duk shekara, ita tana miƙa masa daga ƙasa. Tun safe take kallon tsanin nan ta kasa hawa.

"Kina jin jiri in kin hau sama?" ta tambaya.

Ardith ta ce ba ta ji. Ƙarya take, tun tana yarinya ba ta son tsani. Ta ajiye jaka a kan matakala ta hau. Marlys ta riƙe tsanin da ƙafa ɗaya, tana ɗago tagogin tana miƙa mata, tana gaya mata wacce ta ɗakin kwana ce, wacce ta kicin, don an rubuta lamba da fensir a jikin kowane katako. Ta huɗun ta ƙi shiga. Marlys ta ce sai an daki kusurwar hagu da gindin hannu, kullum haka take. Ardith ta daka, fatar yatsanta ta sale, tagar ta zauna.

Sun gama ta shida hasken rana yana gab da ƙarewa. Marlys ta kai tsanin gareji da kanta, ta dawo ta ce ta yi hankali da barewa a hanya, wannan lokacin suna tsallaka titi ba sa duba gabansu. Ta shiga gida ta rufe ƙofa.

Ardith ta zauna a mota ta naɗe yatsan da hankici. Da ta isa mahaɗar babban titi ta tsaya a gidan mai ta buga wa LaVonne waya ta gaya mata yadda aka yi, har da zancen Merle. LaVonne ta yi dariya har da tari. Ta tambaya to yanzu darasin farko na bazara da me za a buɗe shi. Ardith ta ce ba ta sani ba tukuna. Ta ce akwai wata mata daga taron shekara uku da suka wuce, mai hoton yarinya da hannun wani a kafaɗarta, ko LaVonne tana tuna sunanta.

LaVonne ta ce ba ta tuna ba, amma tsofaffin takardun rajista suna cikin kwali a ƙarƙashin gadonta, in tana so ta biyo gobe da safe su duba.